Gadar Ruwan da Moshood Ya Rushe da Hannunsa

Akwai wani magini a Fagge, a shekarun nan na 1950, ana ce masa Moshood. Iyayensa mutanen Ogbomosho ne, fatauci ya kawo su Kano, shi kuwa a Fagge aka binne cibiyarsa. In yana Hausa ba ka cewa ya san wani yare, sai fa in ransa ya ɓaci, nan ne Yarbanci ke ƙwace masa.

Tsohon soja ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kai su ƙasar Falasɗinu, amma ba harbi suka je yi ba, aikinsu gini ne da sauke kaya. Da yaƙi ya ƙare kowa ya dawo da tsarabarsa. Wani ya dawo da bargo, wani da tabo. Moshood labari ɗaya ya dawo da shi, kuma wallahi sai da mutanen Fagge suka haddace shi.

Kullum da la'asar za ka same shi a teburin Sammani mai shayi. Da ya kurɓa sau biyu sai ya gyara zama.

"Ku ba ku ga gini ba," haka yake farawa. "A bakin teku, a wani tsohon gari da ake kira Kaisariya, na ga gadar da Rumawa suka gina. Ba ta mutane ba ce, ba ta mota ba ce. Ta ruwa ce! Ruwa ke tafiya a samanta."

"To, ga shi nan an fara," in ji Sammani, yana fifita wuta. "Sajan Rum, yau ma sai mun je teku?"

Moshood ko a jikinsa. Sai ya ci gaba da kwatanta musu yadda garin ba shi da ruwan sha, ga teku amma gishiri ne, sai Rumawa suka gano idon ruwa can nesa a gindin dutse. Suka jera ginshiƙan dutse a kan rairayi, tsakanin kowane biyu suka lanƙwasa gini irin wanda maginanmu ke kira bakan gizo, ɗaya bayan ɗaya har iya ganinka. A can sama suka shimfiɗa kwararo, suka yaɓe shi da farar ƙasa da dakakken tsingaron tukwane don kada ya yi yoyo. Sojoji ma sun yi aikin, har sun bar rubutunsu a jikin dutse.

"Kusan shekara dubu biyu fa!" Nan yake buga teburi. "Masu ginin sun zama ƙasa, sarkinsu ya zama ƙasa, bakan gizon yana nan tsaye. Ni dai Allah kada ya kashe ni ban gina irinsa ba."

Sai a kwashe da dariya, a ce masa amin. Shi kuwa har cikin ransa yake nufi.

Yanzu bari in kai ku Sabon Gari, don can ne abin ya faru.

A soja Moshood ya yi wani amini, Boniface, mutumin ƙasar Ibo, tanti ɗaya suka kwana har aka sallame su. Boniface ya zauna a Sabon Gari, ya yi aiki a reluwe, daga baya ciwo ya kwantar da shi. Ranar da Moshood ya je duba shi na ƙarshe, Boniface ya riƙe hannunsa ya ce, "Ga Veronica nan, ga yarinya. Na bar maka." Bai ƙara kwana da yawa ba ya rasu.

Veronica, matar da ya bari, mace ce mai zuciya. Ta buɗe gidan abinci a inda suke zaune, tana sayar da teba da miyar agushi da shinkafa, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suna cika mata benci. Da wannan tukunyar take ci, da ita take riƙe da 'yarta Adaeze a makaranta.

Matsalar gidan ɗaya ce. A cikin kwari aka gina shi, tsakar gidan ta fi lambatun bakin titi zurfi. Ɗakuna sun kewaye ta ta gefe uku, duk rufin kwano, kuma duk cikinta suke zubar da ruwa. Da damina ta sauka sai tsakar gida ta koma kududdufi, ruwan ya kwanta ya yi kore, sauro ya yi gida. Girki ma a wani ɗan lungu take yinsa, hayaƙi na cin idonta.

Rannan da bazara ta kusa ƙarewa, sai ga ta a ƙofar gidan Moshood, ko zama ba ta yi ba.

"Oga Moshood, duba-gari ya zo."

"Me ya ce, Maman Adaeze?"

"Ya ce bara ya yi mini haƙuri, bana babu. In aka yi ruwan farko ya dawo ya ga ruwa kwance, zai rufe mini wuri." Ta share ido da gefen zane. "In aka rufe, ina zan kai yarinyar nan? Sai dai in cire ta daga makaranta mu koma ƙauyen ubanta, inda ko ɗaki ba mu da shi."

Kun san duba-gari, ma'aikacin tsafta na wancan zamani, in ya ce zai rufe to rufewa zai yi. Kuma a gaskiya mutumin bai yi zalunci ba, wurin cin abinci ne.

Washegari Moshood ya je ya zagaya gidan. Ya dubi ƙasa, ya ga ba yadda za a yi a haƙa kwata, don ruwa ba zai hau daga rami zuwa titi ba. Ya ɗaga kai ya dubi bakin kwano. Sai kuma ya fara murmushi shi kaɗai.

"Maman Adaeze, ruwan nan ba za mu bari ya taɓa ƙasa ba. Tun daga sama za mu tare shi, mu ɗora shi a kan gada, ya tsallake kwarin nan ya faɗa lambatu."

"Gada kuma? A gidana?"

"Irin ta Rumawa."

Ita dai ba ta san Rumawa ba, amma ta san Moshood, sai ta ce to.

Kai, jama'a, ku zo ku ga aiki! Ya samo jan bulo daga wani tsohon gidan burodi da aka rushe. Ya bi gidajen Fagge yana roƙon fasassun tukwane, matarsa Bilikis ta daka masa su a turmi tana mita, wai ita tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya sa matarsa dakan tsingaro ba. Ya cike tsakar gidan da marmara. Sannan ya fara jera ginshiƙai daga bayan ɗakuna, ya ratsa fegin da ke kwarin, ya nufi titi.

Bakan gizo na farko da ya tsaya da kansa bayan an zare katakon da ya tallafe shi, sai da mutane suka yi tafi. Kafin a jima labari ya kai kasuwa. Masu keke suna tsayawa, mata masu tallan kaya suna sauke tire su yi kallo. Hatta Sammani ya bar teburinsa ya tako har Sabon Gari, ya riƙe baki ya ce, "Tabɗi! Ashe Sajan Rum ba zuƙi-ta-malle yake mana ba."

To a nan ne kan Moshood ya fara girma.

Ku gane wani abu game da magini. Tun yana yaro abin da aka koya masa shi ne daidaito: sahun bulo ya miƙe sak, ma'aunin nan mai ɗigon ruwa ya tsaya a tsakiya. Gini mai gangara a wurinsa abin kunya ne. Ga shi kuma tsohon soja, yana son abu a jere kamar fareti. Saboda haka hannunsa ya ƙi sauke kwararon, ya tafi da shi a miƙe. Da ya zo bakan gizo na ƙarshe, wanda ke bakin titi inda kowa ke gani, sai ya ƙara masa sahu, ya sake ƙarawa, wai don mai kaya a ka ya wuce ta ƙarƙashi ba tare da ya sunkuya ba. Ya yi masa ado da bulo a tsaye, ya zama kamar ƙaramar ƙofar gari.

Zuciyarsa ta ɗan taɓa shi, amma ya ce mata, "Ai ƙarfin ruwan zai tura shi."

Ana cikin haka wani babban ɗan kasuwa, Alhaji Rasheed, ya tsaya da motarsa. Zai gina sabon gida a Fagge, yana neman maginin da zai ba shi aikin gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallon ƙofar nan.

"Malam Moshood, ranar Asabar zan zo da 'yan'uwana su gani. In sun ga abin da na gani, aikin naka ne."

Ranar Moshood da ƙyar ƙafarsa ke taɓa ƙasa.

Da yaɓen ya bushe, wata safiya bayan ya fito daga masallaci, ya ce bari ya je ya gwada abinsa tun mutane ba su taru ba. Ya kafa tsani, ya hau da garwa cike da ruwa, ya juye a bakin kwararon ta wajen ɗakuna.

Ruwa ya tafi. Ya tafi a hankali har ya wuce tsakiya. Sai ya tsaya. Ya yi ɗan jim, sannan ya juyo da baya, ya zo ya tsiyaye ta kan bango, shaa, cikin tsakar gidan Veronica.

Moshood ya ƙara garwa ta biyu. Haka. Ya ƙara ta uku, ya watsa ta da ƙarfi har da zagi cikin Yarbanci. Ruwa dai bai san Sajan Rum ba, ya dawo.

Gumi ya karyo masa da sanyin safiyar nan. Ya gane abin da ya yi. Da can ruwan rufi uku a warwatse yake zuba. Yanzu ya tattara shi wuri guda, kuma duk zai sauko a gindin bangon ɗakin da Veronica da 'yarta ke kwana. Bai gyara ba, ƙara ɓatawa ya yi.

Ba wanda ya gani. Ya sauke tsani ya tafi gida.

Bilikis ta ajiye masa koko da ƙosai, ta ga bai taɓa ba.

"Baban Fausat, lafiya? Ko Rumawan ne suka aiko?"

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Sannan ya ce, "Amma ina ganin in bar shi zuwa Asabar. Alhaji ya zo ya gani, in karɓi aikin, sannan in sauke ƙofar a hankali in gyara. Wa zai sani?"

Bilikis ta fita tsakar gida, ta dubi gabas, ta dawo.

"Ka ga sama kuwa? Jiya da yamma har walƙiya na gani. Gyaran kwana nawa zai ci?"

"Zai kai mako, in an haɗa da bushewa."

"To in ka jira Asabar, ruwa ya riga ka, wa za a rufe wa wuri? Kai ko ita?" Ta ɗauki kwanon ƙosan ta rufe. "Ni ban je Rum ba. Amma tsingaron da na daka har hannuna ya yi kanta, don matar Boniface na daka shi, ba don Alhaji ba."

Maganar ta shige shi. Ya zauna, kunya ta rufe shi. Kuma a zaunen nan ne ya tuna wani ɓangare na labarinsa da bai taɓa ba mutanen teburin shayi ba, don ba shi da daɗin ji.

Ranar da suka ga gadar nan ta Kaisariya, akwai wani hafsansu Bature, wanda kafin yaƙi malamin tarihi ne. Da ya ga sun saki baki suna kallon bakan gizo, sai ya sa su suka hau sama, ya nuna musu kwararon. Ya ce musu duk dutsen nan da ke ƙasa hidima yake yi wa wannan ɗan kwararo. Ya ce wani sashe na hanyar ma a cikin dutse aka fafe shi, a ƙarƙashin ƙasa, inda masu aikin suka sha wuya kuma ba mai ganin aikinsu. Kafin a ɗora dutse ɗaya, masu awo sai sun bi hanyar da wani dogon teburin katako mai ɗan rami a bayansa, su zuba ruwa a ramin su duba, su matsa gaba su sake. Abin da suke nema shi ne kwararon ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan, saukar da ido ba ya gani. In ta yi yawa ruwa ya yi gudu ya cinye ginin, in babu ita ruwa ya kwanta ya ruɓe. Tun daga idon ruwa har cikin gari, ba inda aka yarda kwararon ya ɗaga kai.

Shekara da shekaru Moshood yana ba da labarin tsayin gada, ya bar labarin saukarta. Har shi kansa ya manta.

Ya miƙe ya ɗauki guduma.

Hantsi ya yi, titi ya cika, sai mutane suka ga Moshood a kan tsani yana dukan ƙofar nan mai ado. Bulo na faɗowa. Veronica ta fito a guje da ludayi a hannu.

"Oga Moshood! Me ya faru? Ka haukace ne?"

Da yana iya cewa siminti ne bai kama ba. Da yana iya cewa wani gyara ne ƙarami. Amma sai ya juyo, a gaban kowa, ya ce, "Maman Adaeze, kuskure na yi. Na ɗaga nan ya fi can, ruwa ba zai wuce ba. Don a yabe ni na ɗaga shi. Ki yafe mini, zan gyara kafin ruwa ya sauko, in Allah ya yarda."

Wasu suka yi dariya, ba za a rasa ba. Wani mai keke ya ce, "Rum ta faɗi!" aka ƙara shewa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai sauko daga tsanin ba.

Ya bi kwararon gaba ɗaya ya sassauke shi. Wannan karon bai yarda da idonsa ba, bai yarda da hannunsa ba. In ya shimfiɗa ɗan sashe sai ya zuba ruwa a kofi ya tsaya ya gani. In ruwan ya tafi a natse, ya ci gaba. In ya tsaya ko ya ruga, ya tayar ya sake. Kowane ginshiƙi ya fi na bayansa gajarta, har na bakin titi ya zo bai wuce gwiwa ba, ya sunkuyar da bakinsa cikin lambatu.

Ranar Asabar Alhaji Rasheed ya zo da 'yan'uwansa kamar yadda ya ce. Suka tarar da tarin fasasshen bulo, da wani gini da ya fara da tsayi ya ƙare a durƙushe, da Moshood ya yi buɗu-buɗu da ƙura.

"Ina ƙofar da na gani?"

"Na rushe ta, Alhaji. Kyau gare ta, amma ba ta aiki."

Alhaji ya girgiza kai, suka koma mota. Aikin gidan Alhaji wani aka ba. Moshood ya bi motar da kallo har ta sha kwana, ransa ba daɗi, sannan ya koma ya ci gaba da yaɓe.

Yaɓen bai daɗe da bushewa ba, wata ranar Talata da azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso, 'yan kasuwa suka hau kwashe kaya. Moshood ya bar abin da yake yi a Fagge ya nufi Sabon Gari da sassarfa, ruwa ya kama shi a hanya. Ya iso sharkaf, ya tsaya a bakin titi wajen ɗan guntun ginshiƙin nan, ya zuba wa bakin kwararon ido.

Da farko ba komai. Sai ga ɗan ruwa ja ya leƙo, ya turo ganye da ƙura. Sai ya ƙaru. Sai ya cika kwararon, yana zuba cikin lambatu ba gudu ba tsayawa, kamar mai zuba shayi.

Moshood ya durƙusa a cikin ruwan saman nan ya ce, "Alhamdu lillahi." Hawaye yake yi, amma ruwa ya rufa masa asiri.

Washegari da safe duba-gari ya iso da farar rigarsa. Ya wuce ta gefen gadar ko kallonta bai yi ba, ya shiga tsakar gida. Ya taka nan, ya taka can, ya leƙa bayan randa, ya ɗaga ƙafa ya dubi ƙasan takalminsa.

"Madam, ina ruwan ya tafi?"

Veronica ta nuna Moshood.

"Ci gaba da sana'arki," in ji duba-gari. Ya juya wajen Moshood. "Kai kuma, akwai gidaje a layin nan da ke fama da irin wannan. Zan turo maka su."

Da ya fita, Veronica ta shiga lungun nan mai hayaƙi, ta cicciɓo duwatsun murhunta ɗaya bayan ɗaya, ta kafa su a tsakiyar tsakar gida, daidai inda ruwa ya saba kwanciya tun ranar da aka kawo ta gidan. Ta hura wuta, ta kama. Adaeze ta fito da kayan makaranta ta gaishe su ta wuce.

Veronica ta bi 'yarta da kallo har ta fita, sannan ta ce, "Oga Moshood, zauna. Yau ba mai cin tukunyar nan kafin kai. Da Boniface zai ga wannan wutar, da ya ce bai bar mu a hannun banza ba."

Moshood ya zauna a kan benci. Ya gyaɗa kai yana kallon wutar.

Darasi: Alheri kamar ruwa yake, ba ya isa wurin mai buƙata sai mai kawo shi ya yarda ya sauko. Duk aikin da ka ɗaga don a gan ka, to wanda ka yi dominsa ne zai biya. In ka gano kuskurenka, ka rushe shi da hannunka tun bai faɗa kan wani ba, ko da za a yi maka dariya, ko da za ka rasa wata dama. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai gudumar da yake jin nauyin ɗagawa.